Zomon Daji da Kanari: Duka Biyun Na Gwada, Ga Abin da Na Gani



Satin da ya wuce ɗan yayata ya same ni a zaure bayan la'asar. Ya gaishe ni, ya yi ta kame-kame, har sai da na ce ya faɗi abin da ke tafe da shi. Sai ya ce, "Kawu, ina son in fara kiwo amma jarin ne babu. Abokina ya ce in rani ya yi mu bi 'yan farauta, za mu samu 'ya'yan zomo a kyauta. Ko kuma mu ɗana wa kanari tarko a gonar Baba, tunda ana saye. Wanne ka ga ya fi?"

Yaron nan bara ya gama sakandare. Ba ya zaman majalisa, ba ya yawon banza, kuɗin hannunsa kuwa ko buhun abincin kaji ɗaya ba za su saya ba. Da gaske yake tambayar, shi ya sa ban yi masa dariya ba. Ni ma ina kamar shekarunsa irin wannan lissafin na yi, kuma duka biyun sai da na taɓa. Na san akwai irinsa da yawa a cikinku, masu kallon daji kamar kantin da ba a biya, don haka amsar da na ba shi ita zan faɗaɗa muku.

In ka jera wa mutum zomo da kanari ka ce ya zaɓa, kai tsaye zomo zai nuna. Zomo nama ne, a yanka a ci. Kanari kuwa, wai, wasan yara ne da waɗanda ba su da aikin yi. Abin da na gani a gidana ya saɓa wa wannan. Kanarin ya shekara huɗu a hannuna, har taya shi aka yi da kuɗi masu kauri na ƙi sayarwa. Zomayen dajin kuwa babu wanda ya cika wata uku. Duk da haka ra'ayina shi ne ko ɗaya a cikinsu ba kiwo ba ne, kuma wanda ya fi karɓar keji ɗin, wato kanari, shi na fi jin tsoron yaro ya shiga harkarsa.

Bari in fara da zomon.

Wata shekara da kaka, ana cirar gyaɗa a wata gona ta wajen hanyar Saye, yara suka tsinci 'ya'yan zomo biyu a gindin sabara, sun yi lamo, idonsu a buɗe, gashi ya rufe su tsaf. Suka ce uwar ce ta gudu ta bar su. Na ba yaran na alewa na karɓa, na haɗa keji da waya da katako, na riƙa ɗura musu madarar shanu da sirinji. Ɗaya zawo ya kashe shi a kwana na huɗu. Ɗayan ya rayu, ya fara cin harawa, ya yi girma, har na fara ganin kaina da garke. Amma ko sau ɗaya bai saba da ni ba. Da na taɓa ƙofar kejin sai ya yi ta dukan waya da kansa, hancinsa kullum a fashe. Wata safiya na tarar da shi a sanƙare, wuya a karye. Mage ce ta bi ta saman kejin da dare, ko taɓa shi ba ta yi ba, tsoro kaɗai ya ishe shi.

Ban daddara ba. Da rani na sayi wani matashin namiji a hannun 'yan farauta, na aro zomanyar gida na haɗa su, wai in samu iri mai juriyar daji da haihuwar gida. Ya koma lungu ya ƙi ci, ita kuma ko kallo bai ishe ta ba. Kafin sati uku ya bi 'yan uwansa.

Na ɗora laifi a kan mage, na ɗora a kan madara, na ɗora a kan rashin sa'a. Sai daga baya wani malamin gona ya ce mini, "Malam, ai abin da ka kama ba shi ne zomon da ake kiwo ba." Mu da Hausa suna ɗaya muke kiransu, shi ya jawo ruɗanin, amma dabbobi biyu ne daban. Zomon gida asalinsa daga yankin Sifaniya da Fotugal ne, Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna tsare shi suna zaɓen mai sanyin hali, kafin ya iso mana. Kakanninsa rami suke tonawa su zauna jama'a guda, shi ya sa ƙaramin wuri mai duhu ba ya damunsa, gida ma yake ɗaukarsa. Namu na daji, wanda masana ke kira Lepus victoriae, ba ya tona rami. Ɗan gurbi yake yi a cikin ciyawa ya kwanta shi kaɗai da rana, ya fita kiwo da dare. Ba shi da makami sai ƙafa. Ɗan uwansa na Turai an auna gudunsa ya kai wajen kilomita 70 a awa. Da Bahaushe ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, wannan yake nufi. To dabbar da duk tsaronta gudu ne, ka sa ta a akwatin da bai fi taku biyu ba, me kake jira?

Haihuwarsu ma ba ɗaya ba. Zomanyar gida cikinta kwana 31 ne, ta haifi shida, bakwai, takwas, tsirara, ido a rufe, sai wajen kwana goma su buɗe. Ta daji cikinta ya kai sati shida, ɗaya ko biyu take haifa galibi, da gashinsu da idonsu. Kuma ba ta zama a kansu. Ajiye su take yi ta tafi, ta dawo sau ɗaya bayan faɗuwar rana ta shayar da su na 'yan mintuna. Kun ga ke nan 'ya'yan da yaran nan suka kawo mini ba marayu ba ne, uwarsu tana nan kusa tana jiran magariba. Wannan har yau in na tuna ba na jin daɗi. Batun haɗa iri kuwa a manta da shi kwata-kwata. Ƙwayoyin gadon da ake kira kuromosom, zomon gida 44 gare shi, na daji 48. Doki da jaki ma ana samun alfadari a tsakaninsu, waɗannan ko alfadarin ba a samu. Duk wanda ya ce zai sayar maka da "haɗin daji da gida", zomon gida ne mai launin ƙasa-ƙasa ya ƙara wa kuɗi.

Sannan a ina ma za ka samo su? Ƙasarmu ta Bici ba ta da sauran saura. Daga Badume har Ɗanzabuwa gona ce ke bin gona, kowace shekara ana nomawa, burtali ya tsuke, kaka na wucewa a kwashe kara da harawa a kai gida, fili ya zama fayau. Zomo yana son inda zai ɓuya, ga karnuka ga wutar daji. Muna yara in ka bi gefen gona da sassafe ba wuya ka tashe shi. Yanzu masu farautar ma sai sun yi tafiya mai nisa. Jarin da sai ka yini a rana da kare kafin wataƙila ka samu guda, shi ma a jigace, ba kyauta ba ne.

Kanari labarinsa daban, kuma a nan nake son a nutsu.

Iri biyu muka fi gani a nan. Akwai mai rawayan ciki da rawayan goshi, akwai kuma ɗan ƙarami mai ruwan toka wanda in ya tashi za ka ga fari a gindin jelarsa. Wannan na biyun ba shi da kyan gani, amma masu harkar sun san murya tana wurinsa. Dukansu 'ya'yan ciyawa da gero suke ci. Abin da ya kori zomo bai kore su ba, don manomin ƙasar Kano yana share daji amma yana barin itatuwa a gona: gawo, ɗorawa, tsamiya, kuka, ga darbejiya a bakin hanya. Tsuntsu yana da inda zai yi sheƙa, yana da abin ci. Shi ya sa har yanzu ana jin su, kuma shi ya sa kama su ke da sauƙi. Keji ne mai ɗakuna, ka sa tsohon kanarin da ya saba a tsakiya, ka zuba gero a ɗakunan gefe masu murfin da ke faɗawa, ka rataye a reshe. Na ciki ya yi ta kira, na waje ya zo faɗa ko neman abinci, murfi ya rufe. Wasu danƙo suke shafawa a reshe, wanda ya fi muni, don gashin tsuntsun yake tafiya da shi.

Kanari yana karɓar keji, wannan gaskiya ne. Sabon kamu yakan yi ta dukan waya, a cikin waɗanda na kama da yawa ba su wuce satin farko ba, amma wanda ya tsallake sai ya zauna, ya ci, ya yi wanka, ya buɗe murya. Abincinsa na wata bai kai abin da kaza ɗaya za ta ci a 'yan kwanaki ba. Kuma akwai masu saye, mutum ya ji murya ta yi masa ya ciro kuɗi ba ciniki. Yaro ya kama biyar, uku su rayu, ya sayar, ya ga kuɗi a hannu ba tare da ya sayi komai ba. Wa zai gaya masa ba sana'a ya samu ba?

Ga inda matsalar take. Namiji ne ke waƙa, don haka namiji ake nema, mace a sake ta ko a bayar a banza. Lokacin da namijin ya fi zuba murya ya fi kuma saurin faɗawa tarko shi ne lokacin sheƙa, daga damina zuwa kaka, sa'ad da ciyawa ta yi 'ya'ya. A wannan lokacin macen tana kwance a kan ƙwai wajen kwana 13 zuwa 14, shi ke kawo mata abinci a baki, in an ƙyanƙyashe kuma tare suke ciyarwa. Ka ɗauke shi, ka kashe sheƙa guda. Wanda ke kejinka kuma zai shekara uku, huɗu, biyar yana maka waƙa, ya mutu bai bar ko ɗa ɗaya ba. Nawa haka ya yi. Ranar da ya mutu na tashi da keji wayam, kamar ranar da na fara. In ina son wani sai in koma gindin gawo. Kowane kanari da aka sayar an cire shi ne daga gonakinmu ba a mayar da komai ba, kuma abin da ke sa in ce ya fi zomo haɗari shi ne, zomo da kansa yake korar ka daga harkar cikin wata biyu, kanari kuwa yana biyan ka ka ci gaba har sai wurin ya yi tsit.

Ni ma'aunina na kiwo ɗaya ne: abin nan yana haihuwa a hannunka? In kana da kaji goma, baɗi za su iya zama talatin ba ka je ko'ina ba. In kana da kanarin daji goma, baɗi takwas ne, baɗin waccan biyar. Wannan kamu ne da ajiya, farauta ce da aka sa wa keji.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini. "Malam, ai zabo ma daga daji aka kamo shi, tarwaɗa ma daga kogi." Haka ne, kuma misalin tarwaɗar ma ni yake taimaka wa. Shekara nawa kakanninmu suna kama tarwaɗa a kogi da fadama? Ba a kira shi kiwo ba. Ko yau ka zuba manyan tarwaɗa a tankin siminti su shekara, ba za su yi maka 'ya'ya da kansu ba. Abin ya zama sana'a ne da masana suka gano yadda za a yi wa macen allura, irin su Ovaprim da masu ƙyanƙyasa ke amfani da ita, a matse ƙwan, a haɗa da ruwan namiji, cikin kwana guda ko ɗan fiye a ga 'ya'ya. Ranar da aka mallaki haihuwarta, ranar ta zama abin kiwo. Zabo kuma an yi wannan aikin tun zamanin da ba wanda ya tuna, mu gadonsa muka ci.

Kanarin ma an yi masa wannan aikin, sai dai ba namu ba. Sunan kansa daga tsibiran Kanari ya zo, waɗanda ke cikin teku yamma da Maroko, a hannun Sifaniya. Daga can aka kai wani ɗan uwan namu Turai, shekara wajen 500 ke nan, aka yi ta haifar da shi a keji har ya zama na gida kamar tattabara. A ƙarni na 19, a tsaunukan Harz na Jamus, talakawa masu haƙar ma'adinai sun mayar da shi sana'ar gefe. A ɗakunansu suke ƙyanƙyasa, su ajiye ƙananan maza kusa da gwanin mawaƙi don su koya, tunda kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, sannan a yi ta fitar da su har Amurka. Ba su shiga daji da tarko ba. A Ingila ma har 1986 ana shiga da kanari ramin haƙar kwal, don in iska ta gurɓace shi yake fara faɗuwa, mutane su gudu. (Masu rufe ɗakin kaji ruf da leda lokacin hunturu, ku riƙe wannan: in ka shiga warin kashi ya sa idonka yaji, huhun tsuntsu ya riga naka jin jiki.) Haka zomon daji, a Italiya da Faransa akwai masu haifar da irin nasu a keji na musamman don a saki a yi farauta. Yana yiwuwa ke nan, amma aikin masu kuɗi ne da likitoci a gefe, kuma su ma suna shan asara. Ba aikin yaron da ke neman abin da zai fara da shi ba ne.

Masu hangen kasuwar waje kuma, wannan ƙofar ta daɗe da tsukewa. Da can ana kwasar ƙananan tsuntsaye daga Senegal da Mali da Gini zuwa Turai, har da irin kanarinmu. A watan Oktoba na 2005 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen da aka kamo a daji saboda murar tsuntsaye, a Yulin 2007 ta mayar da hanin na dindindin.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi shafar masu kaji. Wanda ya yi kiwo a 2006 ba sai an ba shi labari ba. A watan Fabrairu na shekarar aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji, jihar Kaduna, karo na farko da aka ga wannan nau'in a Afirka, nan da nan kuma ta ɓulla a Kano. A farkon 2015 ta sake dawowa Kano. Ba zan yi wa kanari ƙazafi ba, manyan masu yawo da wannan cutar tsuntsayen ruwa ne irin su agwagin daji. Amma ku bi hanyar da kanarin keji yake bi. An kamo shi a daji, an cusa shi da wasu tsuntsaye iri-iri, an kai kasuwa an ajiye gefen masu kaji da zabi da tattabaru, hannu goma ya taɓa kejin, sannan ka kawo shi ka rataye a bakin ɗakin kajinka don ka ji daɗin waƙa kana aiki. Geron da yake watsarwa kuma yana tara maka wasu tsuntsayen da ɓeraye a wurin. Ko mura ba ta zo ba, akwai Niyukasul, akwai ƙuma da ƙwarƙwata. Kaji ɗari biyu da bashin abinci a kanka, saboda tsuntsun da bai cika tafin hannu ba? Haba. In dole sai ka ajiye, ya zauna can zaure, kuma ka wanke hannu kafin ka shiga wurin kaji.

Zomon dajin ma ba a bar shi a baya ba. A 2020 wata cuta mai sa zubar jini a cikin zomo ta kashe zomaye da yawa a Najeriya, an tabbatar da ita a jihar Kwara. Lafiya lau za ka bar su da dare, da safe ka tarar da gawa, wani da jini a hanci. Wannan nau'in an san yana kama wasu zomayen daji ma. Mai zomon gida da ya kawo na daji, ko ya feɗe wanda aka farauto a kusa da kejinsa, ya sani caca yake yi.

To me na ce wa yaron? Na ce in nama da kuɗi kake so daga zomo, ga wanda aka riga aka yi maka wahalarsa. Mata biyu da namiji ɗaya sun isa farawa. Ka saya a gidan mai kiwon da za ka ga iyayen da idonka, ba a bakin kasuwa ba, kuma namijin kada ya zama ɗan uwan matan. Irin su New Zealand fari da Chinchilla da haɗe-haɗensu duk suna nan a gari, cibiyar NAPRI da ke Shika a Zariya ma ta daɗe tana bincike a kan zomo. Daga wata biyar zuwa shida mace ta isa barbara. Ita ake kai wa ɗakin namiji, in ka kawo shi nata ɗakin faɗa za ta yi masa. Kwana 28 ka sa mata akwatin haihuwa, za ka ga tana tsige gashin ƙirjinta tana shimfiɗawa. Sati biyar zuwa shida ka yaye. Kada ka bi lissafin masu cewa kowane wata haihuwa. Ka ɗauka sau huɗu a shekara, shida-shida, 24 ke nan, ka cire na mutuwa, ka ce 18 ko 20 daga uwa ɗaya. Kanarin gida ma da ake haifarwa a keji, ƙwai uku zuwa biyar ne, sau biyu ko uku a shekara.

Abinci kuwa a nan ne mu mutanen karkara muka fi na birni. Harawar wake da ta gyaɗa, dusar masara ko ta alkama, ganyen dankali, zogale, yaɗiya, ragowar kabeji da karas daga masu lambu na wajen Watari. Ɗanyar ciyawa ka bari ta ɗan yi yaushi kafin ka ba su. Kuma a daina cewa zomo ba ya shan ruwa, wallahi yana sha, mai shayarwa ma sosai, rashin ruwa na cikin abin da ke sa uwa ta cinye 'ya'yanta.

Ban ɓoye masa wahalar ba. Babban maƙiyin zomon gida a ƙasarmu zafi ne. Da zafi ya haura digiri 30 ya fara wahala, mu kuwa Maris zuwa Mayu muna ganin 40. Namiji ƙarfinsa yana raguwa, mai ciki tana iya mutuwa. Keji a ƙarƙashin kwano tsirara kabari ne. A sa shi a inuwar itace ko rumfar zana inda iska ke ratsawa, a ɗaga shi daga ƙasa saboda ɓera da mage da tururuwa, kuma ni a watannin nan hutar da matan nake yi. Sai kasuwa. Kada wani ya ruɗe ku, naman zomo bai kama ƙafar kaza ba a wurinmu. Har yanzu akwai masu ƙyamarsa, duk da cewa halal ne, ya zo a Bukhari da Muslim cewa an kai wa Manzon Allah (SAW) naman zomo ya karɓa. Masu saye galibi masu neman iri ne, da iyayen da yara suka matsa wa, da wasu masu gidan abinci a birni. Don haka kafin ka kai uwa goma ka san wa zai saya. Sai dai zomon da bai sayu ba yana shiga tukunya, gida a ci nama, kashinsa ya tafi lambu. Kanarin da bai sayu ba sai dai ka ci gaba da saya masa gero.

Wanda kuma Allah ya jarabce shi da son kanari, don na san abin yana shiga rai, ni ma ya shige ni, ban ce haramun ba ne. Ya nemi na gida, mace da namiji, ya koyi ƙyanƙyasa, ya ɗauke shi a matsayin sha'awa har ranar da ya ga 'ya'yan da aka haifa a ɗakinsa sun yi 'ya'ya. A ranar sai mu zauna mu yi maganar riba. Ni dai ban kai can ba.

Da na gama yaron ya yi shiru, can ya ce, "To Kawu, kuɗin zomayen gidan fa?" Na ce ba sai ya saya ba. Zan ba shi uwa ɗaya kiwo, irin yadda ake ba da akuya, in ta haihu ya yaye ya dawo mini da mata biyu, sauran nasa. Namiji kuma ya riƙa kawo ta wurin nawa kafin ya samu. Sharaɗina ɗaya, sai na je na ga inda zai ajiye ta da tsakar rana, ba da yamma ba. Ya nuna tsohon kejin kanarina da ke rataye a zauren ya ce ko zan ba shi. Na ce ya ɗauka, amma sai da na sa ya ciro murafun tarkon a gabana. Ranar Asabar zai je Badume neman waya da ƙusa.